Kafin a sauya manhajar ofis, a fara duba haruffa da fayiloli

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu in ja hankalin masu kula da kwamfutoci a ofisoshi da makarantu. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina gyara ɓarakar tsaro a Office 2016 da 2019, amma har yau da su ake aiki a wurare da dama, wasu ma kwafin sata ne. Alhali ga LibreOffice nan kyauta, halak malak, wadda gidauniyar The Document Foundation ke kula da ita tun 2010. Writer na yin aikin Word, Calc na yin na Excel, Impress kuma na PowerPoint.

Gaggawa ce ke kayar da masu sauyin. Sakatare zai buɗe wasiƙar da aka rubuta a Word, ya tarar shafi uku ya koma huɗu, wurin sa hannu ya faɗa shafi na gaba shi kaɗai, sai ya rantse manhajar ba ta aiki. Sau da yawa haruffa ne sila. Nau'o'in haruffa na Calibri da Cambria mallakar Microsoft ne. Idan babu su a kwamfuta, sai manhajar ta ɗauko wasu masu faɗi daban, layuka su gurɗe. A sa Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, domin faɗin haruffansu ɗaya ne. Haka Liberation Sans da Liberation Serif ke tsayawa wa Arial da Times New Roman.

Sai batun adanawa. LibreOffice na adana fayil a tsarin ODF, wanda ya bambanta da na Microsoft. Idan abokan hulɗa Word suke da shi, a shiga Tools, Options, Load/Save, General, a mayar da zaɓin ya koma docx da xlsx, wato tsarin fayilolin Word da Excel. Takardar da aka gama kuwa, a tura ta a PDF, ba mai taɓa tsarinta.

Babbar matsalar tana sashen lissafi. Takardun albashi da na kaya galibi suna ɗauke da umarnin VBA (ƙananan shirye-shiryen da ke sa Excel yin aiki da kansa) da wani ya rubuta shekarun baya, kuma Calc ba duka yake iya gudanarwa ba. A tattara irin waɗannan fayiloli, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a kwatanta jimlar da kowace manhaja ta fitar. Wanda ya ƙi, a bar masa kwamfuta ɗaya ko biyu da Excel mai lasisi har a sake rubuta shi.

Sauyin na iya ɗorewa ko ya gaza. Birnin Munich na Jamus ya yi fiye da shekara goma a kan irin waɗannan manhajoji na kyauta, a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Jihar Schleswig-Holstein a Jamus kuwa ta sanar a 2024 za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice. Shawarata, a bar Office da LibreOffice su zauna tare na wata guda, a fara da takardun da ake cikewa kullum.

Wassalam,
Mai karatu