Wasiƙa daga Agege

Agege, Legas

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Gusau, ya ruwa?

Ka tuna ranar da muka tsaya a garejin tsohon nan muna kallon yadda yake fere ƙarfe kamar rogo? To, ga shi na cika buri, na sayi injin sassaƙar ƙarfe. Ba sana'a zan buɗe ba, abin ɗebe kewa ne bayan na tashi aiki.

Wata biyu ina yawo. Da farko raina ya kwanta da ƙaramin na Sin, mai inci 7 da 14, wanda mutum biyu za su ɗauka. Sabo fil. Amma wasu haƙoran giyarsa na roba ne, kuma allon lantarki ne ke sarrafa gudunsa. Wutar unguwarmu kuwa hawa da sauka take yi, ga janareto. Wani dattijo mai wannan sana'a a Mushin ya ce mini allon nan shi ke fara mutuwa. Na kuma ga wani injin ƙirar Colchester, ƙato, na yi sha'awarsa sosai, sai dai wuta layi uku yake ci, ni kuwa layi ɗaya gare ni.

Ƙarshe dai Myford ML7 na ɗauka, tokunbo, ƙirar Ingila da aka fara yi tun 1946. Moto ne da bel kawai, duk mai gyaran fanka zai iya naɗe shi. Kafin in biya, na bi shawarar dattijon: ban kula fenti ba, gadon injin na duba, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da keken yanka ke zamewa a kai. Daf da bakin da ke riƙe ƙarfe ake cinye shi, don nan aka fi aiki. Na ɗan matse keken, na tura shi tun daga kai har ƙarshe, bai cije ba. Giyoyin yanka zare ma na ƙirga su. Injin da inci yake aiki, sai na nemo giya mai haƙori 127 kafin in yi zaren milimita.

Damuwata yanzu tsatsa. Iskar Legas gishiri ce da laima, kwana uku in ban shafa mai ba sai ja ya fito. Ranar Asabar zan shiga kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin neman guntayen tagulla da sanholo na koyo.

Turo mini awon fil ɗin injin markaɗen Inna, shi nake so ya zama aikina na farko.

Naka,
Garba