Wasiƙa Zuwa ga Malam Nasiru Kan Kyamarar da Yake Shirin Saye

Samaru, Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin ƙasar da kake bai takura maka ba. Mu nan damina ta zauna, masara har ta kai gwiwa.

Na ga hotunan kyamarar da kake so ka saya ta hannu domin ɗora wa jirginka maras matuƙi, wadda mai ita ya ce MicaSense RedEdge-MX ce. Ina roƙonka kada ka biya ko sisi tukuna, domin ita da yayarta RedEdge-M kamar an tsaga kara suke. Kowace tana da ido biyar masu ɗaukar haske daban-daban: shuɗi a nanomita 475 (nanomita ma'aunin zangon haske ne), kore a 560, ja a 668, gefen ja a 717, sai kuma hasken da ke bayan ja, wanda idon mutum ba ya gani amma lafiyayyen ganye ke mayar da shi da yawa. Girman hotonsu ɗaya ne, ɗigo 1280 a kwance da 960 a tsaye, kuma idan jirgi ya tashi mita 120 kowane ɗigo na hoton yana ɗaukar kimanin santimita 8 na ƙasa.

Ita MX tana zuwa da na'urar auna hasken rana mai suna DLS 2, wadda GPS ke cikinta, alhali a M waɗannan biyun a rabe suke. Sai dai kayan hannu sukan zo a cakuɗe, don haka ka duba lambar da ke manne a jikin kyamarar: ta M tana farawa da RM, ta MX kuwa da RX. Kada ka dogara da sunan da manhaja ke karantowa daga cikin hoto, domin tana iya rubuta RedEdge-M alhali MX ce ta ɗauka.

Ko a cikin MX ɗin ma akwai bambanci, kuma a nan ne na sha wahala bara. Mun ari kyamara ta biyu don mu ƙarasa aunon filayen gwajin masara, sai lissafin NDVI, wato ma'aunin lafiyar shuka da ake fitarwa daga hasken ja da na bayan ja, ya ɗan kauce wa na makon da ya gabata. Na kwashe kwana goma ina zargin taki, ina zargin hadari, har na koma gona da safe ina murza ganye da yatsa ko zan ga alamar ciwo. Wata rana da la'asar na kifa kyamarorin biyu a kan tebur, sai ga RX01 a jikin tamu, RX02 a jikin ta aro. Ashe faɗin zangon hasken da matatansu ke bari ya wuce ba ɗaya ba ne: a ta farko ja nanomita 10 ne, na bayan ja 40, a ta biyu kuwa 14 da 57. Bambancin ba shi da yawa, amma ga mai kwatanta damina da damina ya isa ya rikita hukunci.

Idan ka ga mai shuɗin jiki, wannan RedEdge-MX Blue ce, abokiyar aikin MX ce kawai. Zangonta 444, 531, 650, 705 da 740 ne, ita kaɗai ba za ta ba ka NDVI da ka saba da shi ba. Wani samfurin kuma, RedEdge-P, ba ta ɓuya, tana da ido na shida.

Ka tambayi mai kayan farantin daidaita haske, wanda ake ɗaukar hotonsa don daidaita awon kyamarar, ka tabbata lambarsa tana karantuwa kuma fuskarsa ba ta ƙarce ba. Namu ƙurar hunturu ta kusa lalata shi don mun bar akwatin a buɗe. Ka turo mini hoton lambar kyamarar kafin ku yi ciniki.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Naka amini,
Abubakar