Sao Tome da Principe, maƙwabciyarmu ta cikin teku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin masu karatu ga wata maƙwabciyarmu da ba a cika ambatonta ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano. Makon jiya na ce wa ɗalibaina su lissafo maƙwabtan Najeriya, suka kawo Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, sannan suka yi tsit. Da na ɗora allina a kan wasu ɗigo biyu da ke cikin teku, kudu da Fatakwal, a tsohuwar taswirar da ke rataye a bangon ajin, sai wani yaro ya ce wallahi shi duk zatonsa kashin ƙuda ne. Ban ga laifinsa ba, domin ba mu taɓa gaya masa cewa ƙasa ce mai tutarta da shugabanta ba.

Tsibirai biyu ne da aman wutar duwatsu ya samar a Mashigin Tekun Gini. Faɗinsu duka wajen murabba'in kilomita 1,000 ne, mutanensu kuwa ba su kai na ƙaramar hukumar Dala yawa ba. Amma dutsensu mafi tsawo ya kai mita 2,024, kuma layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, ya ratsa wani ɗan tsibiri da ke kudancinsu. Abin da ya fi ba ɗaliban mamaki shi ne yanayinsu: daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da muke tsakiyar damina, su rani suke yi, ruwa kuma ya kama daga Oktoba har Mayu, ta yadda kudu maso yammacin babban tsibirin kan sami ruwan da ya ninka na Kano fiye da sau biyar a shekara.

Wannan albarkar ruwa ita ce ta jawo musu wahala. Turawan Fotugal sun iske tsibiran babu kowa wajen shekarar 1470, suka kwaso bayi daga gaɓar Afirka suka zuba su a gandayen rake, daga baya aka koma noman koko, har a farkon ƙarni na 20 babu ƙasar da ta kai su samar da shi a duniya. Bayin ba su kwanta ba, domin a 1595 wani mai suna Amador ya jagoranci bore, a 1953 kuma 'yan mulkin mallaka suka kashe mutane da dama a ƙauyen Batepa saboda sun ƙi aikin tilas. Sai ranar 12 ga Yuli, 1975 suka sami 'yancin kai.

Tarihinsu ya sarƙe da namu fiye da yadda muke zato. Daga can ne jiragen agaji suka riƙa tashi da dare zuwa yankin Biyafara lokacin yaƙin basasa. A Yulin 2003 shugabansu Fradique de Menezes yana Abuja sojoji suka yi masa juyin mulki, kuma Shugaba Obasanjo ne ya raka shi gida bayan an sasanta. Mafi muhimmanci a ganina, tun 2001 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa kan man fetur da ke cikin ruwan da ke tsakaninsu, kashi 60 na Najeriya, kashi 40 nasu, aka kuma kafa hukumar kula da yankin a Abuja.

Dukiyar nan da haƙƙin mutumin Kurmi da na Sabon Gari a cikinta. Don haka nake roƙon ka, ya Edita, ka tura wakilinku na Abuja wannan hukuma ya jiyo mana inda aka kwana, a buga mana da Hausa, ni kuma in karanta wa ɗalibaina a aji.

Naka,
Malamin labarin ƙasa,
Gwale, Kano.