A san yawan mutanen sansani kafin a yi maganar annoba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin hukumomin agaji da ma'aikatun lafiya kan wani aiki da ake yi wa riƙon sakainar kashi duk lokacin da ambaliya ko girgizar ƙasa ko guguwa ta raba jama'a da gidajensu. Aikin shi ne sanin mutum nawa suka tashi, ina suka sauka, kuma me ke kwantar da su mako bayan mako. Hankalin kowa yakan tafi ga gawarwaki da kayan da aka raba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayanin cewa gawar wanda ruwa ya ci ko gini ya danne ba ta haddasa annoba. Haɗarin yana wajen rayayyu da aka cunkusa wuri guda babu isasshen ruwa, babu masai.

Ma'aunin da ake gane sansani ya shiga halin gaggawa sananne ne: mutuwar mutum 1 cikin 10,000 a rana, ko yaro 2 cikin 10,000 a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan lissafi ba ya aiki sai an san yawan mutane na gaskiya. A ɗauki sansani mai mutum 5,000 da aka yi rasuwa 4 a mako guda. Ya riga ya tsallake layin. Idan kuwa takarda ta ce mutum 10,000 ne a ciki, sai rasuwa 7 za ta ɗaga hankali, kuma jami'i zai rubuta cewa komai lafiya.

Takardar takan kumbura ne saboda da jerin rabon abinci ake aiki. Gida ɗaya ya yi rajista sau biyu, wanda ya bar wurin ba a goge sunansa ba, kuma iyali su ɓoye rasuwa don kada a rage musu kaso. Ba mu ga laifinsu ba, yunwa ce. Abin yi shi ne a raba jerin lafiya da jerin abinci tun ranar farko. A yanka sansanin unguwa-unguwa, a rubuta lamba a jikin kowace bukka, a ba ma'aikacin sa-kai ɗaya ko biyu kowane mutum 1,000. Shi zai bi gida-gida ya rubuta yara 'yan ƙasa da shekara 5 daban, masu juna biyu daban, sannan tsofaffi da masu shan maganin yau da kullum. Kowane mako ya sabunta abu huɗu: wa ya shigo, wa ya fita, wa aka haifa, wa ya rasu. Adadin rasuwa kuma a gwada shi da na masu haƙa kabari, domin da yawa a bukka suke cikawa, asibiti bai gan su ba. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, tana da tsarin bibiyar irin wannan tun 2004, ba sabon abu ba ne da sai an ƙirƙiro.

Waɗanda suka sauka a gidajen dangi ko ajujuwan makaranta su ne aka fi mantawa, kuma sau da yawa sun fi na sansani yawa. Rijiyar unguwar da ta karɓe su ce ke fara gazawa.

Rahoton cuta bai kamata ya jira sakamakon ɗakin gwaji ba. A ba kowace rumfar magani gajeren jeri da alamomi. Wasu a kai rahotonsu cikin awa 24 ko da mutum ɗaya ne: gudawa kamar ruwa mai busar da jiki, zazzaɓi da ƙuraje tare da tari ko jan ido, shanyewar ƙafa kwatsam a yaro, zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Gudawa da jini ko idanu su yi rawaya, idan sun taru a unguwa ɗaya, su ma haka. Sauran a tara su a rahoton mako, kuma ko ba a ga kowa ba a rubuta sifili a aika, don a bambance wurin da babu cuta da wurin da ma'aikaci bai zo aiki ba. Lambar bukka ta shiga kowane rahoto. Marasa lafiya goma daga layi ɗaya suna nuna famfo ɗaya, goma a warwatse wata magana ce daban.

Kowace cuta da lokacinta, kuma nan ake yawan yin sake. Kwalara tana bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5 bayan an sha gurɓataccen ruwa, tana iya kashe babba a yini guda, amma inda akwai ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa ta jijiya, masu mutuwa ba sa kai 1 cikin 100. Bayan guguwar Idai a Mozambik cikin Maris 2019, an samu masu kwalara sama da 6,000, sai dai saurin ɗiga wa kusan mutum 800,000 rigakafi ya taƙaita ta. Ƙyanda tana yaɗuwa kwana 4 kafin ƙuraje su fito, shi ya sa ba a jiran ganin mai ita: a yi wa yara daga wata 6 zuwa shekara 15 allura tare da bitamin A, a nemi kaiwa kashi 95 cikin 100. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi jinkirin mako 6 zuwa 8 bayan ambaliya, sai ruwa ya kwanta ya zama kududdufai. A Pakistan, masu shi sun tashi daga kusan 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022, shekarar babbar ambaliya. Ciwon hanta nau'in E yana iya ɓuya har mako 10, kuma mata masu tsohon ciki ya fi kashewa.

Ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke aiki da su sun tanadi lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, famfo ɗaya ga mutum 250, masai ɗaya ga mutum 20 (ana lamuntar 50 a kwanakin farko), nesa da rijiya da aƙalla mita 30, gindin ramin kuma ya kasance mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. Bayan ambaliya ruwan ƙasa yana kusa, don haka sau da yawa sai an ɗaga masan sama. Kulorin, wato sinadarin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, wanda ya rage a ruwan ya kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. A riƙa aunawa a cikin jarkar gida, ba a bakin tanka kaɗai ba, domin ruwa mai laka yana cinye kulorin, kuma bokiti marar murfi da ake tsoma hannu yana ɓata duk aikin. Layin famfo da ya wuce rabin awa yana kora mutane zuwa kududdufi. Masai marar ƙofa da fitila kuwa, a takarda kawai yake, mata ba za su shige shi da dare ba.

Wurin da muka fi son hukumomi su duba shi ne ranar da aka kwashe mutane zuwa sabon matsuguni na dindindin. A ranar ƙungiyoyi ke naɗe tantunansu, rajistar ta tafi da su, sabon wurin kuma sau da yawa an gina ɗakuna kafin a haƙa burtsatse. Mai tarin fuka da ke tsakiyar maganin wata 6 ya ɓace, mai ciwon suga ya rasa allura, jaririn da aka yi wa rigakafin ƙyanda kafin wata 9 ba a sake yi masa ba. Muna ba da shawara kada a ɗaga kowa sai an gwada ruwan wurin, an ƙirga masai, an kuma miƙa rajistar hannu da hannu ga asibitin da zai kula da su. Rahoton mako ya ci gaba har damina guda ta wuce cif, ya haɗa da mazauna garin na asali. Sunaye su tsaya a asibiti, alƙaluma kawai za a fitar, kuma a liƙa su inda mazauna wurin za su karanta da idonsu.

Mun gode.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar al'umma