Godiya ga mai shagon gyaran amfilifaya na titin Emir Yahaya

Assalamu alaikum. Malam na san ba ka son a yi ta yabonka gaban jama'a shi yas sa ban sa suna ba, amma duk mai zuwa sayen kayan gyaran rediyo wajen nan ya san shagon da ni ka nufi.

Jama'a abin da ya faru shi ne, na ciro wani guntu mai suna TDA1543, wanda ke juya waƙar CD ta zama sauti, cikin wata tsohuwar na'urar CD da na saya hannun 'yan gwangwan, na ce bari in haɗa DAC nawa na kaina, wato ɗan akwatin da ke juya waƙar kwamfuta ta koma sautin da amfilifaya ka iya ɗauka. Wutar da za ta ciyar da shi kuma na yi irin wadda aka kira shant, wato guntun LM317 na turo karent daidai gwargwado ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, DAC ya sha abin da yake so, rarar kuma shant ɗin, wato guntun TL431 da taransista, su zubar da ita ƙasa ta zama zafi. A takarda abin kamar shan fura.

Da na kunna sai sauti ya riƙa kakarewa, bolt 5 ɗin da DAC ke buƙata na sauka. Na ji haushi na canza rasistar da ke ƙayyade yawan karent ɗin LM317 na sa mai om 4.7 (om shi ne ma'aunin rasista), to sautin ya gyaru amma wallahi ƙarfen sanyaya sai da ya tasam min bororo ga yatsa, ga zafin Sakkwato na watan Afrilu ɗakina Mabera kamar tanda, har uwargida ta leƙo tana tambaya mi ke ƙauri.

Malam kai ko kallon fuskata ba ka yi ba sanda na ajiye allon kan teburinka, mita kaɗai ka jawo ka aza bakinta kan rasistar ka ce karanta min. Na ce bolt 1.25. Ka ce to raba shi da om ɗin da ka sa, na danna waya ya ba ni miliam 266, wato yawan karent ɗin da ke wucewa, ka yi dariya ka ce ɗan'uwa dawa za ka gasa? Ta farkon da na sa om 15 ce, 83 ke nan, alhali allon gaba ɗaya da munka auna shina shan kusan 80, ashe shant ɗin yunwa ke kashe shi babu rarar da zai riƙe. Ka ɗauko om 10 cikin gwangwanin Bournvita ɗin nan naka ka liƙa da dalma, ya zama 125, rara 45, shi ke nan magana ta ƙare.

Abin da ya fi burge ni sai da ka sa na cire DAC ɗin munka bar wutar ita kaɗai, ka ce in babu mai sha duk 125 ɗin kan shant za su faɗa, kuma TL431 shi kaɗai bai iya ɗaukar abin da ya wuce 100, don haka taransistar ke ɗaukar wahala dole a ba ta ƙarfe mai faɗi. Munka zauna har anka kira la'asar kana taɓa ƙarfen da bayan yatsa lokaci lokaci. Wani mai gyara da tuni ya ce guntun ya ƙone kawo kuɗin sabo.

Kuɗin rasista kawai ka karɓa, na matsa ka ce in saya ma yaron shago ruwan sanyi. Allah shi saka da alheri, shi ƙara buɗi, shi jiƙan mahaifa. Sati uku ke nan shina aiki, kuma ina nan tafe Asabar da allo na biyu, wanga karon da lissafina a hannu.

Naka, wani ɗalibinka daga Mabera.