Zuwa ga ɗana, kafin baƙinku su iso

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta faɗa mini an saka ka a kwamitin sashenku na koyar da kasuwanci, wanda zai shirya tarbar masu tantance kwasa-kwasai daga Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC. Na yi murna ƙwarai, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Na san cikakkiyar amincewa ta shekara biyar ba ta samuwa sai da maki 70 cikin 100, wanda ya ɗan gaza kuma a ba shi ta wucin gadi, shekara biyu. Tsoron wannan ne ke sa a wasu wurare ake aro littattafai da kwamfutoci, har malamai ake arowa, baƙi na juya baya a mayar da kowa inda aka ɗauko shi. Kada hannunka ya shiga ciki. Mu a kasuwar Kwari algus muke kiran wannan, a ɗora shadda mai kyau a sama, a ɓoye ta banza a ƙasa. In ba ku da littattafai, bar su su gani su rubuta, ko hakan ya sa a saya muku.

Ka tuna yaron nan mai digirin kasuwanci da na ɗauka a shago? Yaro mai ladabi, ga amana. A 2023, bayan gwamnati ta bar wa kasuwa farashin naira a watan Yuni, darajarta ta faɗi, ya ba wani abokin ciniki dilar atamfa bashin wata uku, ya ɗora riba goma bisa ɗari, ya zo yana nuna mini lissafi da fara'a. Ranar da kuɗin suka shigo, uwa da riba duka ba su isa sayen irin dilar ba. Da na tambaye shi nawa zai sake sayo kayan, sai ya yi shiru yana juya biro. Ban ga laifinsa ba. Shekara huɗu ya yi a aji, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Shi ya sa nake so ku auna kanku da ɗalibanku da suka fita. Ka nemo waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce, ka kira iyayen gidansu a wurin aiki, ka tambaya: me yaron nan ya iya, me sai da kuka koya masa daga farko? Amsar za ta yi ɗaci, ka rubuta ta yadda take.

Sabuwar manhajar da NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ku cika wannan gurbi da kasuwarmu: yadda ake ba da bashi a karɓo, la'adar dillali, rajistar kamfani, haraji, ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara. Ɗalibinku ya san kamfanonin Amurka, amma bai san yadda Alhassan Ɗantata ya tashi daga fataucin goro a Gwanja ya koma sayen gyaɗa a Kano ba.

Ina da abokai a kasuwannin Dawanau da Singa da suka yarda su karɓi ɗalibai goma goma lokacin hutu. Ka sanar da ni ranar da za ka kawo su.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.