Saura kwana tara a gwada ni tuƙi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan Kaduna hunturu ya shigo da ƙarfinsa, da asuba ko gadar Kawo da ƙyar ake hangowa saboda hazo. Hajiya tana gaishe ka, ta ce tun da ka tafi sau ɗaya tak ta ji muryarka. Ni dai na isar da saƙo.

Labarin da zan ba ka, na san sai ka yi dariya har ka riƙe ciki. Na shiga makarantar koyon mota. E, ni ɗin nan da furfura a gemu, cikin 'yar ƙaramar mota mai jan harafin L gaba da baya, yaran unguwa suna ɗaga mini hannu. Saura kwana tara a gwada ni.

Za ka ce, ba kai ne kake jan tsohuwar fijon Yaya tun muna samari ba? Ni ma abin da na faɗa wa malamin ke nan ranar farko. Bai musa ba, makulli kawai ya miƙo mini. Daga Malali zuwa Unguwar Rimi ya ƙirga mini laifi bakwai. Ban ɗaura bel ba, na tashi ban duba madubi ba, ƙafata na kan kuloci duk tafiyar, na sha kwana babu sigina, hannu ɗaya a sitiyari ɗayan a taga kamar direban haya. Sauran biyun ma na manta. Da muka tsaya sai ya ce, "Alhaji, gara mini wanda bai taɓa shiga mota ba da irinku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Yaron nan bai kai ƙanena na uku ba, amma na haɗiye.

Tsarin dai ba kamar yadda muka sani da ba ne. Sai makarantar da hukumar kiyaye haɗurra, wato FRSC, ta yi wa rajista, kuma sai ka cika darasi 26 kafin takardar shaidarka ta fito. Daga nan jami'in gwaji ya zauna gefenka ya ga kamun ludayinka. In ka haye, a ɗauki hotonka da zanen yatsu, a ba ka lasisin wucin gadi mai kwana 60 kafin na dindindin ya iso, na shekara 3 ko 5, gwargwadon abin da ka biya. Ajin B nake nema, na ƙananan motoci.

Ranar da na je tambayar yadda ake yi, wani ya tare ni tun daga bakin ƙofa, ya ja ni gefe, wai in kawo wani abu a kai shi zai gama komai, ko sitiyari ba sai na taɓa ba. Wallahi sai da raina ya biya. Amma ka san dalilin sayen motar: Hajiya ce zan riƙa kaiwa asibiti duk wata, ƙafafunta sun daina jure hawa Keke Napep. Na tuna laifuffukan nan bakwai, na ce masa na gode.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tashi a kan hawa. Mota tana tsaye a tudu, hancinta sama, a ce ka tashe ta ba tare da ta gangara baya ko taku ɗaya ba. A baki abu mai sauƙi: ka ja birkin hannu, ka saka giya ɗaya, ka ɗan taka totur, ka riƙa ɗago kuloci a hankali har ka ji injin ya canza murya, gaban motar ya ɗan ɗaga kamar doki zai zabura, sannan ka sauke birkin. A ƙafa kuwa, ko na yi gaggawa ta mutu, ko na yi nawa ta koma baya. Malamin yana ajiye gorar ruwa ta roba bayan tayar baya, in na murƙushe ta ni zan sayi tsiren yamma. Sau huɗu na saya.

Makon jiya kuma ya kai ni gadar Kawo da gangan, daidai lokacin tashi daga aiki. Cunkoso ya tsayar da mu a tsakiyar hawan, tirela a bayana, ban ga komai a madubi ba sai ƙarfen gabanta. Layi ya motsa, na saki kuloci, mota ta mutu. Mai tirela ya danna hon ɗin nan nasu mai girgiza hanji. Na sake tayarwa, ta sake mutuwa. Gumi ya jiƙa mini riga a cikin wannan sanyin. Shi kuwa malam ko gezau, cewa kawai ya yi, "Rabu da shi, ƙafarka za ka saurara." A na uku ta tashi sumul. Tun ranar gorar nan ba ta sake fashewa ba.

Ribas ba ta dame ni sosai ba. Ranar Lahadi da safe muna samun fili mu jera tsofaffin tayoyi, in shiga tsakaninsu da baya in fito. Shataletale ne abin haushi. A doka, wanda ke ciki shi ke da hanya, kai mai shigowa ka jira na hagunka ya wuce, tunda mun koma tuƙin dama tun 1972. A shataletalen Lugard Hall kuwa, wanda ya riga cusa hanci shi ne da hanya. In na tsaya yadda aka koya mini, na baya su hau zagi, masu Keke su zagaye ni ta dama da hagu kamar ƙudaje. Haka zancen gudun kilomita 50 a cikin gari: ka gwada shi a titin Ali Akilu ka ga yadda ake kallonka. Ni dai yanzu na jami'in gwaji nake bi, tunda shi ke riƙe da biro.

Da daddare babbar 'yata ke yi mini bitar alamomin hanya, masu jan da'ira na hani, masu kusurwa uku na gargaɗi. In na kuskure sai ta ce, "Baba, sake!" da irin muryar da nake yi mata a kan haddar karatu. Ramuwa take yi, na sani.

Ka sa ni a addu'a ranar. In Allah ya sa na haye, ni zan ɗauko ka daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa in ka zo hutu, amma ka sani ba zan tashi ba sai ka ɗaura bel. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka kuma kira Hajiya.

Wassalam,
naka har kullum.